Maus Mai Shafawa: Tambayi Hannunka Kafin Ka Biya

Linzamin kwamfuta marar waya da ake shafa bayansa da yatsa, irin Magic Mouse da Apple ya fitar a 2009, akwai kyan gani. Ba shi da ƴar tayar nan ta tsakiya, shafawa kawai za ka yi shafi ya yi sama ko ƙasa. Ga mai karanta handawut ko bincike a intanet, wannan sauƙi ne.

Amma fa a shimfiɗe yake, ba tudun da tafin hannu zai kwanta a kai. Yatsu ne ke riƙe da shi, shi ya sa wasu ke jin tsamin wuyan hannu in sun daɗe suna aikin furojet.

Ƴan Akitekca da Injiniyarin, ku kula. A AutoCAD, tayar tsakiya ake dannewa a ja zane gefe, a murza ta a kusanto da shi. Maus marar taya zai rage muku sauri.

Sai maganar caji. Samfurin 2015 a ƙarƙashinsa ake soka waya, don haka ba ya aiki yayin da yake caji. Da yanayin wutarmu, wannan abin lissafi ne.

Kafin ka saya, ari na aboki ka yi aikin awa guda da shi. Wuyan hannu ya miƙe, kada ya lanƙwashe, kuma ka riƙa hutawa duk rabin awa. In hannu ya yi tsami, maus mai taya ya fi maka, ga shi kuma da araha.