Sauya Wayoyin Tsohuwar Mota: Lokacin da Faci Ya Daina Amfani

Masu riƙe da tsofaffin motoci, musamman Peugeot 504 da muke kira Fijo, kusan kukansu ɗaya ne. Yau fitilar gaba ta dushe, gobe a kunna tirafiketa sai fitilar birki ta riƙa ƙyaftawa, jibi a wayi gari batir ya sauka alhali sabo ne. Wani lokaci kuma ana cikin tafiya sai a ji ƙaurin roba daga ƙarƙashin dashbod. A kai wa mai rewaya, ya yanke nan ya ƙulla can, ya naɗe da salatif, bayan mako biyu a koma gidan jiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Ke nan da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a titunanmu sun haura shekara 30 ko 40 da wayoyinsu na asali. Robar da ke lulluɓe da waya tana bushewa da shekaru, zafin inji da zafin bazara na sama da digiri 40 suna gaggauta bushewar, sai ta tsage ta bar jan ƙarfen a fili. Danshin damina ya shiga, bakin wayar ya yi kore, wuta ta kasa wucewa yadda ya kamata. Ga ɓeraye in mota ta daɗe a ajiye, ga kuma rediyo, oda da fitilun da kowane mai mota ya ƙara a zamaninsa ba tare da fis ba.

Kafin ka kashe kuɗi, yi wannan gwajin. Cire kan batir, ka kama waya a kusa da inji ka lanƙwasa ta a hankali. In ta lanƙwasu da laushi, da sauran rai a jikinta, kuma mai yiwuwa matsalarka datti ne a mahaɗa ko wayar nagatif da ta saki. In robar ta fashe ko ta marmashe a yatsunka, to haka sauran suke a cikin naɗin da ba ka gani. A nan faci ya zama gyaran gangar Abzinawa. Haka ma in ka tarar da wurin da wayoyi suka narke suka manne da juna: waya ɗaya da ta ƙone a cikin dami tana lalata maƙwabtanta tun daga farko har ƙarshe.

In ya tabbata sai an sauya, zaɓi uku ne a gabanka. Na farko, ka sayi cikakken damin wayoyi sabo da aka ɗinka wa irin motarka; ana samun na Volkswagen Beetle da tsofaffin Land Rover cikin sauƙi daga ƙasashen waje. Na biyu, ka nemi wanda aka ciro daga wata mota a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, sai dai ka tuna shekarunsa ɗaya da naka, don haka ka yi masa gwajin lanƙwasawa kafin ka biya. Na uku, wanda ya fi dacewa da yawancin masu Fijo, shi ne ƙwararren mai rewaya ya haɗa sabo ta hanyar kwaikwayon tsohon.

Babban kuskure a wannan aiki shi ne a fizge tsoffin wayoyi a zubar tun ranar farko. Tsohon damin shi ne taswirarka. A ɗauki hoton kowace mahaɗa da wayar salula kafin a taɓa ta, a liƙa wa bakin kowace waya takarda da sunan inda ta fito. A zaro damin gaba ɗaya ba tare da yankawa ba, a shimfiɗa shi a kan faffaɗan katako, a kafa ƙusoshi a duk inda ya yi rassa, sannan a riƙa jera sabuwar waya kusa da tsohuwa, ɗaya bayan ɗaya. In an samu littafin motar mai zanen wayoyi, aikin ya ragu da rabi.

Kada a dogara da launi kaɗai, don kowace ƙasa da tsarinta. A motocin Jamus irin su Mercedes da Volkswagen, waya mai ruwan ƙasa ita ce nagatif da ke zuwa jikin mota. A tsofaffin motocin Ingila irin Land Rover kuwa, mai ruwan ƙasa ita ce mai ɗauke da wutar batir kai tsaye, baƙa ce ke zuwa jikin mota. Wanda ya saba da ɗaya ya kai hannunsa ɗayar ba tare da bincike ba, zai ga tartsatsi. Masu Beetle su kuma su duba ko tasu mai bolt 6 ce ko 12, domin na farko-farko masu 6 ne, kuma suna buƙatar waya mai kauri fiye da na baya.

Batun ingancin waya shi ne inda ake cutar mutane. A nemi wayar mota mai silili da yawa ta jan ƙarfe zalla. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya a ciki ba ta jure girgiza, karyewa take yi. Akwai kuma ta jabu, alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare silin da wuƙa, in ya yi fari a ciki ka ajiye ta. Araha ba ta ado. Kauri kuma ya bi nauyin aiki: ƙwan fitilar gaba mai wat 60 yana jan amfiya 5, biyu suna jan 10, ƙananan fitilu ba sa kai haka, stata kuwa yana haura amfiya 100 lokacin tayar da inji. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kada sabuwar waya ta gaza tsohuwar kauri.

Fis aikinsa ya ƙone kafin waya ta ƙone. Duk wanda ya naɗa masa silin waya ko takardar kwalin sigari ya sa wayar motar ta zama fis ɗin. Tunda an buɗe aiki, ya kyautu a sa sabon akwatin fis na zamani, wanda launinsa ke nuna ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A sa wa fitilun gaba da oda rile, don wuta mai nauyi ta daina bi ta tsohon makunni. Nan take za ka ga fitila ta ƙara haske. Kowace mahaɗa a matse ta da kan waya na ƙarfe ko a yi mata dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfen mota a sa zoben roba, a kuma nisanta ta da salansa da fanka.

Wayar nagatif ita ce aka fi mantawa da ita, alhali ita ke haddasa yawancin rikicewar fitilu. A kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli a duk inda za a ɗaura ta, a kuma tabbatar akwai kakkaura tsakanin inji da jikin mota.

Ranar mayar da wuta kada a yi gaggawa. A cire nagatif da farko, a mayar da shi a ƙarshe, wannan ita ce dokar batir. A karon farko a haɗa shi ta cikin fis mai amfiya 10, ba tare da an yi stata ba. In akwai kuskure, fis ɗin ne zai tafi. A gwada fitila, tirafiketa, waifa da oda ɗai-ɗai. Bayan an ɗaura batir sosai an tayar da inji, mita ta nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4, alamar altaneta na caji. Batir mai lafiya a kashe yana nuna kusan 12.6.

Aiki ne na kwanaki, don haka duk mai rewayar da ya ce maka zai gama kafin la'asar, faci zai yi. Ka nemi wanda ke aiki da mita da zane, ku yi ciniki a kan dukan aikin, ka sayi wayar da kanka, kuma ko bayan an gama kada tukunyar kashe gobara ta bar cikin motarka.