Amsoshin Tambayoyinku: Idan Ba Ka Yarda da Bashin Haraji Ba

Wani ɗan kasuwa daga Kano yana tambaya: idan hukumar haraji ta aiko masa da takardar bashin da bai yarda da shi ba, me ya kamata ya yi?

To Malam, kada ka yi shiru. Dokar Najeriya ta ba ka kwana 30 daga ranar da takardar ta iso hannunka ka rubuta ƙorafi tare da dalilanka. In wa'adin ya wuce, bashin ya tabbata a kanka, ga tara da kuɗin ruwa. In hukumar ta ƙi sauya lissafinta, akwai kotun sauraren ƙararrakin haraji da wata doka ta shekarar 2007 ta fara kafawa, sannan Babbar Kotun Tarayya.

Wasu za su ce talaka ba ya ja da hukuma. Amma a nan takarda ce hujja: rasit ɗin sayen kaya, bayanan asusun banki da littafin ciniki. Jami'i yakan yi ƙiyasi ne in bai ga lissafi ba, kuma hujja ce ke rushe ƙiyasi. Ɓangaren bashin da ka amince da shi kuwa, gara ka biya tun da wuri.