Hazon Hunturu da Hatsarin Jirgin Alhazai a Kano

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtua ko Malumfashi ya san hunturu. Lokacin ne ake cirar auduga ana kai ta kasuwa, leɓuna su tsattsage, yara mu yi ta gudun wankan safe. Wata rana ma sai ka fito ƙofar gida ka nemi dutsen Funtua ka rasa, hazo ya rufe shi ƙaf. Da ni kam ban ɗauki hazo a bakin kome ba, sai ran da malaminmu na labarin ƙasa ya tambaye mu inda ƙurar take fitowa. Ajinmu duka aka rasa mai amsawa.

Ashe yawancinta daga ƙasar Cadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, wanda a zamanin da ƙarƙashin wani babban tafki ne. Iskar arewa maso gabas takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar yadda ruwa kan ƙara ƙarfi in ya shiga matsattsen lambatu, sa'an nan ta kwashi busasshen garin ƙasan nan ta yi sama da shi. Cikin 'yan kwanaki sai ga shi a kan tagoginmu. Mai tafiya a ƙasa, iyakarsa tari da mura. Amma matuƙin jirgin sama da ke neman hanyar sauka, gani shi ne jarinsa.

Da na koma gida na ba kakana wannan labari, sai ya yi shiru, can ya ce, "Kai yaro, ka san abin da ya faru a Kano shekarar da aka fito da Naira?"

Ga abin da ya faru. Ran Litinin 22 ga Janairu, 1973, wani jirgi samfurin Boeing 707 ya taso daga Jidda ɗauke da alhazai masu komowa gida bayan Babbar Salla. Jirgin na kamfanin Alia ne na ƙasar Jodan, kamfanin jiragen saman Nijeriya ya ɗauko shi haya saboda yawan alhazai. Mutum 202 ne a ciki, watau fasinja 193 da ma'aikata 9. Ikko ya nufa, amma yanayin can bai yi kyau ba, sai aka juyo da shi Kano. A Kano kuwa ga hazo ga iska mai ƙarfi.

Ka'idar saukar babban jirgi ita ce manyan ƙafafun baya su fara taɓa ƙasa, domin su aka gina don ɗaukar nauyi, daga baya hancin ya sauko a hankali. Wannan jirgi kuwa ƙafar gaba ce ta fara dukan ƙasa, ta karye. Ƙafar dama ita ma ta karye. To, a cikin fukafukai ake zuba man jirgi, manyan ƙafafun baya kuma a gindin fukafukan suke. Mai ya tsiyayo, jirgin ya juya ya fuskanci inda ya fito, ya bar hanya, wuta ta kama. Mutum 176 suka rasu, 26 kaɗai suka tsira. A lokacin ba a taɓa yin hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba a duniya duka, sai da na kusa da birnin Paris ya zo cikin 1974 ya kashe 346.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, jirgin nan bai faɗo daga sama ba. Ya riga ya iso ƙasa, ƙasar gida ma. Wuta da hayaƙi ne suka yi ɓarnar.

Kakana ya ce a rediyon Kaduna suka ji, suna cikin ɗaurin buhunan auduga. Yayansa yana cikin alhazan shekarar, kuma ba wanda ya san jirgin da ya hau. Ba wayar hannu a zamanin, ko ta girke ma sai ofis. Ya shiga motar Kano ta Malumfashi da Gwarzo, ya tarar da bakin filin jirgi cike da mutane irinsa, kowa na tambayar kowa. Kwana huɗu ya yi yana kwana a shagon wani ɗan garinmu a Fagge. A rana ta biyar yayan nasa ya sauko daga wani jirgin, da butarsa a hannu. Kakana ya ce bai iya yin murna a fili ba, don wanda suka yi kwanakin nan tare suna jira, shi nasa bai dawo ba.

Na ji wasu na cewa ajali ne, kuma gaskiya ne, ba mai ƙetare kwanansa. Amma a ganina wannan bai hana a yi tambaya ba. Masu ƙera jirage ma tambayar suka yi ta yi, shi ya sa ba a yarda da sabon babban jirgi sai an gwada an ga mutanen ciki duka za su iya fita cikin daƙiƙa 90, da rabin ƙofofin a rufe. Daƙiƙa 90 ba ta isa mutum ya tsaya jawo jaka ba, ko da ruwan Zamzam ne a ciki. Iyayenmu masu niyyar Hajji, don Allah in ma'aikaciyar jirgi ta miƙe tana nuna ƙofofi, a dube ta, a ƙirga kujerun da ke tsakaninku da ƙofa mafi kusa, gama cikin hayaƙi da hannu ake laluben hanya.

Bara da hunturu an jinkirta jirgin kawuna a Kano saboda hazo, ya bugo waya yana ta faɗa. Kakana ya karɓi wayar ya ce masa, "Zauna nan ka jira, ko kwana nawa ne."