Ina Bisharar Markus Ta Ƙare?

Ku buɗe Markus 16. Masu karatu a Kafanchan da Kagoro sukan tambaya don me waɗansu juyi suke keɓe aya 9 zuwa 20 da alama.

Kafin zuwan injin buga littafi, da hannu ake kwafar Sabon Alkawari cikin Helenanci, yadda malaman ƙasar nan suke kwafar littattafansu da alƙalami da tawada. Mai kwafa yakan tsallake layi, wani kuwa yakan ƙara bayani. Saboda haka masana suke gwada kwafi da kwafi.

Manya biyu na ƙarni na 4, rubutattu a kan fata, su ne na Batikan da na Sina'i, wanda Tischendorf ya samu a gidan sufaye a 1844 da 1859. Dukansu biyu sun tsaya a aya 8, inda matan suka gudu daga kabari da tsoro. Amma Ireniyas ya ambaci aya 19 wajen shekara ta 180, tun ba a rubuta su ba.

A ganinmu, wani mai bi ne ya ƙara ayoyin tun da wuri, gama Helenancinsu ya bambanta da na Markus. Ku gwada su da Luka 24 da Yahaya 20. Me kuka samu a nan wanda babu a can?