In Mota Ta Daina Magana Bayan Gyara

Dattawanmu sun san zamanin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. A wancan lokaci bakanike yakan kasa kunne ga ƙarar inji, ya taɓa kafireta, sai mota ta tashi. To, motocin da ke jigilar rake da tumatir tsakanin Saulawa, Ikara, Makarfi da Kudan a yau, da yawansu ba haka suke ba. Suna da kwamfuta wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ce ke auna man da inji zai sha, da lokacin da fulogi zai ba da wuta.

Ba ita kaɗai ba ce kuwa. Giya na da tata, birki ma haka, allon gaban direba ma haka. Dukkansu suna zance da juna ta wasu wayoyi biyu da aka tufka kamar igiya, bisa tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Daga 1996 kuma Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci wani soket mai ƙofa 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike.

Ga inda gizo ke saƙa. Mutum ya kai motarsa gareji lafiya lau, a canza masa kuloci ko a yi ɗan walda. Da an gama sai mota ta ƙi tashi, fitilu su cika allo. A jona na'ura, ta nuna U0100, wato an daina jin ɗuriyar kwamfutar inji. Nan take wani zai ce ƙwaƙwalwa ta ƙone, a tafi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano a sayo wata. Ka ga kuɗin takin bana sun tafi ke nan!

Amma Hausawa sun ce kada ka dubi inda ka faɗi, dubi inda ka yi tuntuɓe. Motar da ta shigo gareji da ƙafarta, wurin da aka taɓa shi ne abin zargi na farko.

Da fari a auna batir. Lafiyayye yakan nuna kimanin bolt 12.6 in inji na kashe, kuma kwamfuta ba ta magana da yunwar wuta. Sai a duba fiyus ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a nemi wayar da ke haɗa batir da inji da jikin mota, domin sau da yawa akan kwance ta wajen aiki a manta ba a ɗaure ba. A duba kowane soket da aka cire, ko bai zauna ba, ko wani haƙori ya lanƙwashe, ko ruwan wankin inji ya shiga.

In duk waɗannan lafiya, sai a cire kan batir, a sa mita tsakanin ƙofa ta 6 da ta 14 na soket ɗin nan. A yawancin motoci masu wannan tsari za a ga kimanin om 60. In an ga 120, to, hanya ta yanke a wani wuri. In kuwa kusan sifiri ne, wayoyin biyu sun haɗe, watakila an matse su da noti.

Sai an bi duk wannan kafin a ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi. Ko an sayo wata ma, a motoci da yawa sai an daidaita ta da makulli kafin inji ya tashi, wato wani kashe kuɗin kuma.

Saboda haka, iyayenmu, in aka ce muku ƙwaƙwalwa ta ƙone, ku tambaya cikin mutunci, "Malam, me aka auna, me kuma mita ta nuna?" Kafin a yi walda kuma, ku tabbata an cire kan batir. Mu kuwa 'yan makaranta, mu riƙe darasin lantarki da kyau, domin abin da ake koya mana a allo shi ne dai ake aiki da shi a gareji. Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, amin.