Ɗana Bai Samu Kiredit Biyar Ba, Ina Zai Dosa?

Tambaya: Ɗana ya gama sakandare bana, NECO ta fito masa da kiredit uku, ba Turanci ba Lissafi. Babansa ya ce a kai shi gareji, ni kuma karatu nake so ya yi. Yaya za mu yi?
Wata uwa, Gusau

Amsa: Hajiya, ke da maigidan duk kuna da gaskiya, kuma ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba.

Kiredit ukun nan ba su lalace ba. Yawancin manyan makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, don haka yana iya sake rubuta jarrabawar da WAEC ko NECO ke shirya wa ɗaliban waje a ƙarshen shekara, ya cike giɓin. Sai dai a fara tambayarsa me ya kayar da shi. Yaron da tun aji uku bai gane Lissafi ba, wata shida na darasi wajen malami guda zai fi masa amfani da sake biyan kuɗin jarrabawa sau uku. Cibiyoyin nan da ake biya a rubuta wa yaro amsa kuwa, ki guje su. Jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yi, can asiri ke tonuwa.

Batun gareji ma ba faɗuwa ba ce. Abin da ke cutar da yaranmu shi ne su shekara biyar wajen oga su fito da gwaninta ba takarda. Bakanike ko mai walda da ya ƙware yana cin abinci a kasuwa irin Panteka ta Kaduna, amma ranar da kamfani ko ma'aikata ke ɗaukar aiki, shaida ake nema. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai matakai uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Akwai kuma NABTEB, wadda ke haɗa darasin sana'a da Turanci da Lissafi, kuma kwalejojin kimiyya da fasaha suna karɓar takardarta.

Ni dai shawarata, ya je gareji da safe, ya yi darasi da yamma. Ku samu ogan ku yi magana tun farko kan lokacin tashi, don wasu ba sa sakin yaro sai magariba. Kada dai ku bari ya shekara a majalisar ƙofar gida da sunan jiran sakamako.