Yadda Jini Ke Ba Da Labari

Yara, kun san in ƙaya ta soki mutum, wurin yakan kumbura, ya yi zafi. Wannan kumburi alama ce jiki yana yaƙi da cuta. Amma wani kumburin can cikin jiki yake, inda ido ba ya gani. To, ƙaƙa likita zai san da shi? Sai ya tambayi jini.

Ku ɗebo ruwan rafi da damina, ku zuba a kwalba, ku ajiye. Za ku ga yashi ya riga laka kwantawa, gama ƙwayoyinsa sun fi girma da nauyi. Jini ma ruwa ne da ƙwayoyi a ciki, galibinsu jajaye. In an ajiye shi, su ma sai su kwanta.

Ga yadda ake awon. Malamin asibiti zai ɗebi jini kaɗan daga jijiyar hannu, ya gauraya shi da maganin da ke hana shi daskarewa. Sa'an nan ya ɗura shi cikin siririn bututu mai zane har milimita 200, ya tsai da shi sak. Bayan awa ɗaya sai ya duba iyakar inda jajayen ƙwayoyin suka sauka.

A jinin mai lafiya, a hankali suke sauka. Amma in akwai kumburi, hanta takan ƙara zuba waɗansu sinadarai cikin jini, waɗanda ke sa ƙwayoyin su manne da juna kamar an jera kwabbai. Da sun dunƙule sai su nutse da sauri, kamar yashin nan.

Wani likitan ƙasar Polan, Edmund Biernacki, shi ya bayyana wannan awo a 1897. A 1921 kuma Alf Westergren na ƙasar Suwidin ya kyautata shi.

Sai dai ku lura, awon nan ba ya faɗin sunan cuta, ko inda take. Tarin fuka yakan sa ƙwayoyin saurin nutsewa, haka ma ƙarancin jini da juna biyu. Abin da yake gaya wa likita kurum shi ne, ruwa ba ya tsami banza, a ƙara bincike. Saboda haka in an ce za a ɗebi jininku, kada ku tsorata. Ɗan kaɗan ne, jiki kuwa zai mayar da shi.

Tambayoyi
1. Mene ne kumburi?
2. Me ke sa ƙwayoyin jini saurin nutsewa?
3. Don me likita ke ƙara bincike bayan awon?